Yadda Ake Ɗaura Ƙarin Fitilu A Motar Shiga Daji Da Haɗa Wayarinsu

Duk wanda ya taɓa tuƙin dare a hanyar burji ya san inda hasken fitilar da mota ta zo da ita yake ƙarewa. Ramin da damina ta tona, jakin da ya tsaya a tsakiyar hanya, amalanken shanu da ba ta da ko kwalin da zai ƙyalla, duk sai ka kusa hawa kansu kake ganinsu. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser da ke shiga ƙauyuka da gonaki, ko masu hawan tsaunin Mambila, ko masu ratsa rairayin arewacin Agadez, suke ƙara fitilu. Ɗaura fitilar a jikin ƙarfe ba wani aiki ba ne, noti biyu ne da sifana. Wayarin shi ne aikin, kuma shi ne yake ƙona mota idan aka yi shi da ganganci.

A motata na koyi wannan. Wani mai gyaran wutar mota ya ɗaura mini fitilu biyu, ya ja siririyar waya daga batir kai tsaye zuwa makunni a kusa da sitiyari, ba fiyus mai yanke wuta idan ta yi yawa, ba rile mai hana babbar wuta bi ta makunni, ya kuma zura ta ta wani rami a ƙarfen da ya raba ɗakin inji da cikin mota, ramin ba roba a bakinsa. Wata uku gargada tana goga wayar a bakin ƙarfen. Wani dare muna dawowa daga gona sai na ji warin roba, kafin in taka birki hayaƙi ya fara fitowa ta ƙasan sitiyari. Allah ya sa akwai sifana mai lamba 10 a aljihun ƙofa. Na buɗe bonet na kwance kan batir, wayar ta yi jawur kamar ta rishon lantarki, rigarta tana ɗiga. Har yau tabon yana bayan hannuna. Fiyus ɗin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, da shi ne ya ƙone a madadin wayar.

Zaɓen fitila da wurin da za ta zauna

Fitilun iri uku ne ta fuskar yadda suke watsa haske. Akwai mai jefa haske nesa a tsuke, wadda ta dace da miƙaƙƙiyar hanya. Akwai mai baza shi kusa ta gefe da gefe, ita ce ke nuna maka dabbar da ke shirin tsallakowa daga cikin ciyawa. Akwai kuma doguwar sandar LED da ta haɗa biyun, tsakiyarta na nesa, gefunanta na kusa. Ga mafi yawan mutane, sanda guda mai haɗin biyu a kan bamba ta wadatar.

Ka yi tunanin hunturu kafin ka biya kuɗi. Farin haske mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta wa 6000K, idan ya bugi hazo ko ƙurar motar da ke gabanka, dawowa yake cikin idonka kamar an shimfiɗa maka farin zane. A irin wannan yanayi ƙananan fitilu masu ruwan ɗorawa, wato fitilun hazo, waɗanda aka ɗaura can ƙasa a bamba, sun fi sanda mai tsada amfani. Sandar da ake ɗaurawa a saman rufi tana da kwarjini, amma ita ce mafi muni a cikin ƙura, kuma idan ba a ja ta baya kaɗan daga gilashin gaba ba, haskenta zai zuba a kan bonet ya riƙa kashe maka ido, musamman idan motar fara ce.

Duba kwalin ka ga IP67 ko IP68, alamar ƙura ba ta shiga kuma tana jure ruwa. Ɗauki fitilar a hannu. Mai kyau tana da nauyi, bayanta alminiyom ne mai tsage-tsage da ke fitar da zafi. Kada ka ɗaura ta inda za ta toshe iskar lagireto, domin a zafin Afrilu, mota ɗauke da kaya a cikin yashi, ɗan wannan toshewar kan sa inji ya tafasa. Idan kuma motar tana da jakar iska ta kariya, kada ka yi walda ko huda kusa da na'urorin da ke jin karo a gaban mota, kuma duk wayar da ka gani cikin riga ruwan ɗorawa da soket ruwan ɗorawa ta jakar iska ce, ba a taɓa ta.

Lissafin da ake yi kafin a sayi waya

Da farko tabbatar da ƙarfin wutar motarka. Yawancinsu volt 12 ne, amma wasu tsofaffin Land Cruiser masu shan gas volt 24 suke. Ganin batir biyu ba ya nufin 24 ne, sai ka sa mita ka auna. Rilen volt 12 ba ya rayuwa a mota mai 24.

Lissafin guda ne: raba wat ɗin fitila da volt, abin da ya fito shi ne amfiya da za ta ja. Sanda mai wat 120 a mota mai volt 12 za ta ja amfiya 10. Fitilun halojin biyu masu wat 55 kowace, wat 110 ke nan, amfiya 9 da ɗoriya. Sau da yawa wat ɗin da ake rubuta wa LED mai araha ya fi abin da take ja a zahiri, amma kai dai yi lissafinka da abin da aka rubuta, ka fi samun kwanciyar hankali.

Fiyus ya ɗara abin da fitila ke ja da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Amfiya 10 ta zama 12 da rabi, sai ka ɗauki na gaba da shi, mai 15. Launinsu yana faɗa maka ƙarfinsu: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, fari garau 25, kore 30. Sai kaurin waya. Ga amfiya 10 zuwa 15, waya mai kaurin 2.5mm² ta yi. Ga sanda mai wat 240 da ke jan amfiya 20, sai 4mm² da fiyus mai 25. Wayar makunni kuwa 0.75mm² ko 1mm² ta isa, domin abin da za ta ɗauka bai kai rabin amfiya ba.

Kauri yana da dalili biyu. Na farko zafi. Na biyu wutar da ke zubewa a hanya. Idan tsawon waya zuwa da dawowa mita 6 ne tana ɗauke da amfiya 10, mai 1mm² za ta cinye kusan volt guda kafin wuta ta isa fitila, mai 2.5mm² kuwa ba za ta ci rabin volt ba. Abin da aka cinye ɗin zafi yake zama a jikin wayar. Ka riƙe wannan kuma: wayar ake sa wa fiyus, don haka kada ƙarfin fiyus ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka.

A kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa masa ruwan tagulla. Ido ba ya rabewa. Ka ce a fere maka bakinta, ka kankare silin da wuƙa. Idan ciki ya fito fari, ajiye ta. Ko ka kara mata wutar ashana: ta alminiyom lanƙwashewa take ta marmashe, ta tagulla ja take yi ta tsaya. Kada kuma ka yi amfani da wayar gida mai sili ɗaya, jijjiga karya ta take yi. Ta mota mai silili da yawa ce.

Sauran kayan: rile mai ƙafa huɗu na amfiya 30 ko 40 da soket ɗinsa, gidan fiyus mai murfi, ƙaramin fiyus mai amfiya 3 ko 5, makunni, kawunan waya masu zobe, filayar matse su, robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, bututun roba mai tsaga da ake zura waya a ciki, igiyoyin roba masu zargewa, sanfefa, giris, mita ko fitilar gwaji. Akwai wayarin da ake sayarwa a haɗe, da rile da fiyus da makunni. Yana sauƙaƙa aiki, amma ka fere bakinsa ka duba, da yawa rigar ce mai kauri, cikin ba komai.

Abin da rile yake yi

Rile makunni ne da ƙaramar wuta take kunna shi, shi kuma ya saki babbar. Amfaninsa shi ne babbar wutar ta tsaya a ɗakin inji, daga batir zuwa fitila ta gajeriyar hanya, ba ta shigo kusa da gwiwarka ba. Juya shi ka duba ƙasansa, akwai lambobi kusa da ƙafafun. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir. Lamba 87 ita ke kai wa fitila. Lamba 86 da 85 su ne na ƙaramar wutar da ke kunna shi: 86 daga makunni, 85 zuwa jikin mota. Idan mai ƙafa biyar ka samu, ta tsakiya mai lamba 87a ka bar ta, amma ka rufe ta, domin tana ɗauke da wuta duk lokacin da rilen yake a kashe. Kowane rukunin fitilu da nasa rilen da nasa fiyus. Kada ka tara sandar gaba da fitilun hazo da ta baya a kan guda.

Aikin kansa

Kashe mota, zare makulli, kwance kan batir na negatif tukuna, mai alamar ragi. Dalili shi ne jikin mota gaba ɗaya negatif ne. Idan ka fara da fozitif sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsin da zai tashi ya isa ya narka bakinta. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka.

Ɗaura fitilar a mazauninta, amma kada ka ƙarasa ɗaure notin, za ka saita ta daga baya. Yi amfani da noti mai roba a ciki ko washa mai tsaga, domin noti na yau da kullum ba ya kwana biyu a gargada. Idan ka huda ƙarfe, shafa wa bakin ramin fenti kafin tsatsa ta riga ka.

Nemi wurin rile kusa da batir, nesa da bututun hayaƙi da inda ruwa ke fantsama. Ɗaure shi da ƙusa, ƙafafunsa suna kallon ƙasa, don ruwan da ya taɓa shi ya zube. Wanda aka bari yana lilo a jikin waya ba ya daɗewa.

Yanzu babbar jar waya. Daga kan batir na fozitif zuwa gidan fiyus, tazarar kada ta wuce taƙi ɗaya, kamar santimita 15 zuwa 20. A nan mutane da yawa suke kuskure, su kai fiyus can kusa da fitila. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaronsa, idan ya goge ya taɓa ƙarfe babu abin da zai yanke wutar. Kada ka sa fiyus ɗin a gidansa tukuna. Daga gidan fiyus zuwa lamba 30. Daga lamba 87 zuwa jar wayar fitila. Idan fitilu biyu ne, raba wayar gida biyu kowace ta samu tata, kada ka bi ta cikin ɗaya zuwa ɗaya.

Baƙar wayar fitila za ta koma jikin mota, kuma kaurinta daidai da na jar. Nemi ƙusar da ke ɗaure a ƙarfen bodi, inda masu ƙera motar suka riga suka ɗaure nasu baƙaƙen wayoyin ya fi. Goge fenti da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure zoben, shafa giris a kai. Kada ka dogara da bamba ko ƙarfen ɗaukar kaya na saman rufi, fenti da roba da tsatsa sun raba su da bodi, shi ya sa za ka ga fitila tana kyaftawa duk lokacin da aka faɗa rami. A sababbin motoci akwai 'yar na'ura a kan batir na negatif da ke auna wutar da ke fita. Idan taka tana da ita, a bodi za ka ɗaure, kada ka ɗora a kan batir ɗin.

Wajen haɗa waya da waya, murɗawa da hannu a naɗe da baƙin salatif ba haɗi ba ne. Zafin inji yana narkar da gam ɗin, ƙura ta shiga, ya warware. Matse kan waya da filaya, ja shi da ƙarfi ka ji bai zame ba, sannan ka zura robar tsukewa ka gasa ta. Idan ka yi da dalma, kada ta yi yawa, domin inda dalma ta ƙare waya takan sandare ta karye.

Inda makunni zai samo wutarsa

Wannan wurin nake so a tsaya a kai. Hanya uku ce. Za ka iya ɗaukowa daga batir kai tsaye, sai dai ranar da yaro ya danna makunnin da rana ba ka lura ba, amfiya 10 za ta kwantar da batir cikin 'yan awoyi. Za ka iya ɗaukowa daga layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, kamar na rediyo, wannan ya fi. Amma ga fitilun nesa, hanyar da nake bi kuma nake roƙon kowa ya bi ita ce a ɗauko daga wayar doguwar wutar mota. Ta haka sandar ba za ta kama ba sai makunninta yana kunne kuma ka ɗaga doguwar wuta. Da ka hango mota ko mai babur ka yi dim, duka su mutu tare da taɓawa ɗaya. Wanda ya haɗa ta daban sai ya yi dim, sannan ya laluba makunni, a cikin daƙiƙun nan mai babur ɗin da ke ɗauke da matarsa da ɗansa ba ya ganin komai sai farin haske, bai san inda gefen hanya yake ba. Fitilun hazo da ta baya su ne za a haɗa da layin makulli.

Ga yadda ake gano wayar. Mayar da kan batir na ɗan lokaci. A bayan ƙwan fitila irin H4 akwai ƙafa uku: ta gajeriyar wuta, ta doguwa, da ta tarayya. Bar soket ɗin a jikin ƙwan, maƙala fitilar gwaji a bodi, ka riƙa taɓa wayoyin ta baya wani yana ɗaga wuta yana saukewa. Idan ka sami wayar da ke kawo wuta sai an ɗaga doguwa, ita ce. Daga ita zuwa ƙaramin fiyus, zuwa makunni, zuwa 86, sannan 85 zuwa bodi.

Sai dai motocin Toyota da yawa, har da Hilux da Land Cruiser, ta ɓangaren negatif suke kunna fitilarsu. Alamar ita ce za ka ga waya tana da wuta a kan dim, da an ɗaga doguwa sai wutar ta ɗauke, wata kuma tana da wuta a duka biyun. Wanda bai san wannan ba zai haɗa ya ga sandar tana kamawa a dim tana mutuwa a doguwa. A irin wannan mota, 86 zai samo wuta ta makunni daga wayar tarayya, wadda ke da wuta a duka biyun, 85 kuma ba bodi za shi ba, zai tafi wayar da wutarta ke ɗaukewa idan an ɗaga doguwa. Motar da ta zo da fitilun LED daga kamfani kuwa, kwamfuta ce ke sarrafa su, kada ka yanka mata waya. Nemi soket ɗin da aka yi domin ƙirarta, ko ka koma layin makulli.

Sake kwance kan batir. Wayoyin makunni za su shiga cikin mota ta robar da manyan wayoyin mota suka bi. Huda gefen robar da tsinke a hankali, nesa da wayoyin da ke ciki, ka zura taka. Idan dole sai ka huda sabon rami, sa masa roba a baki. Kafin wayar ta shiga, bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje. A ciki ka nisanta ta da feda da sandar sitiyari. Yawancin motocin nan suna da gurbin makunni da aka toshe da roba a gefen sitiyari, ɓalle ɗaya ka sa naka.

Zura duk wayoyin ɗakin inji a bututun roba, ka ɗaure su duk bayan taƙi ɗaya, nesa da fanka da bel da bututun hayaƙi. Bututun yana rage ɓarnar ɓera ma, ga motar da ke kwana kusa da rumbu.

Gwaji da saiti

Mayar da kan batir, negatif a ƙarshe. Sa fiyus. Tayar da mota, ɗaga doguwar wuta, danna makunni. Za ka ji rile ya yi ƙas. Idan bai yi ba, matsalar tana layin 85 da 86. Idan ya yi amma ba haske, duba 30 da 87 da baƙar wayar bodi. Idan fiyus ya ƙone nan take, jar waya tana taɓa ƙarfe a wani wuri. Nemo wurin. Kada ka sa fiyus mafi girma, kada kuma ka naɗa masa silin waya ko takardar sigari kamar yadda ake yi a tasha.

Bar fitilun a kunne minti goma, ka shafa wayar da gidan fiyus da rile. Ɗumi kaɗan ba komai, amma duk inda ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, haɗin wurin bai kama ba ko wayar ta yi siriri. Sannan ɗora mita a kan batir. A mota mai volt 12, lafiyayyen batir a kashe yana nuna kusan volt 12.6, idan inji na aiki 13.8 zuwa 14.4. Kunna komai, fitilu da na'urar sanyaya mota da fanka. Idan ya sauka ƙasa da 13 ya ƙi tashi ko da ka ɗan taka totur, altaneta, wato na'urar da ke caza batir, ba ta iya ɗaukar kayan da ka ɗora mata, sai ka rage fitila ko ka sa babba. Kunna rediyo ma ka ji, LED mara kyau takan cika ta da shuu.

Saiti da dare ake yi. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 7 zuwa 8 daga bango, da irin kayan da ka saba ɗauka a baya, domin nauyi yana ɗaga hancin mota. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayin. Tsakiyar hasken fitilar nesa ya sauka a kan layin ko ƙasa da shi kaɗan. Na fitilun hazo, saman haskensu ya tsaya kamar santimita 10 ƙasa da nasu layin. Sai ka ɗaure notin tamau.

A cikin gari da kan babban titi a bar su a kashe, in da murfi a rufe su, jami'an kiyaye haɗura suna da hujjar tsayar da wanda ke kashe wa mutane ido. Bayan tafiyar farko a kan gargada, buɗe bonet ka bi wayar da hannu daga batir har fitila, ka nemi inda ta fara gogewa, ka sake bin notin da sifana. Ka jefa fiyus biyu masu 15 da rile guda a aljihun mota, kusa da sifana mai lamba 10.